Gangunan Kaka Elias

Talata, 12 ga Satumba, 1978
Littafin Wendell ya iso. Shafi ɗari huɗu kan yadda ake zaɓe a nan Virginia shekara ɗari biyu da suka wuce. Ɗana, farfesa. Na buɗe babi na uku sai ga Kanar Elias Crenshaw, kakan kakan marigayi mijina, wanda makarantar garin nan ke ɗauke da sunansa. Wai ganga huɗu na barasa ya kafa a ƙofar kotu ranar zaɓe, kowa ya sha ya yi tatil sannan ya shiga ya faɗi sunan gwaninsa da ƙarfi, 'yan takara na zaune suna kallonsa. Na rufe. Ni da hannuna na ba shi akwatin tsofaffin wasiƙun gidan Kanar, a zatona yabo zai rubuta.

Lahadi, 17 ga Satumba
A coci ba wanda ya ce komai. Gara a ce.

Juma'a, 29 ga Satumba
Wendell ya bugo waya. Na ce masa shekara talatin da ɗaya ina shugabantar matan da ke yaƙi da giya a garin nan, kowace shekara ni ke karanta wa yara jawabin Kanar kan riƙon amana, yanzu da wace fuska? Ya ce kowane ɗan takara haka yake yi a lokacin, wanda bai shayar ba marowaci ake ce masa. Na ce yawan masu laifi ba ya wanke laifi, kuma ɗa na gari rufa wa gidansu asiri yake yi.
Ya ce, "Mama, wa ta wanke min baki da sabulu ranar da na ce ba ni na fasa tagar ba?"
Na ajiye wayar.

Laraba, 18 ga Oktoba
Maybelle, ƙanwar mijina, ta zo da jarida tana kaɗa min. An ba Wendell lambar yabo. Wai ya sauya yadda malaman tarihi ke kallon farkon ƙasar nan, jami'o'i har sun fara koyar da shi. Ta ce, "To uwar farfesa, a kawo miki kofi ɗaya daga gangar Kanar?" Ta yi dariya har da tari. Shekara sittin da takwas, har yau ba nutsuwa.
Abin da ya fi ci min rai, jikarta ta dawo daga kwaleji tana faɗin maganganun Wendell kamar aya.

Alhamis, 26 ga Oktoba
Shugabar makaranta ta aiko takarda. Bana ba za a karanta jawabin ba, za su "sake dubawa". Na goge rigar da nake sawa ranar karatun duk da haka, na mayar da ita.

Talata, 7 ga Nuwamba
Na je na yi zaɓe. Na ja labulen wurin jefa ƙuri'a, ni kaɗai. Ban taɓa kula da labulen nan ba sai yau.
Akwai wasiƙa ɗaya da Wendell bai gani ba. Na cire ta daga akwatin tun ina amarya, tana cikin Littafi Mai Tsarki. Keziah, matar Kanar, ta rubuta wa 'yar'uwarta: wani mai noma a gonarsu, Tobias, ya sha barasar Kanar amma ya faɗi sunan abokin hamayya. Kafin sati an fitar da shi da 'ya'ya biyar cikin ƙanƙara. Ƙaramar ba ta kai bazara ba. Keziah ta ce tun daga ranar ba ta iya kallon mijinta wajen cin abinci.
Shekara arba'in da biyu na san wannan. Kuma na tsaya gaban yara.

Alhamis, 23 ga Nuwamba
Ranar Godiya. Na gasa talotalo, na yi wainar kabewar da Wendell yake so. Bai zo ba. Ni na ce kada ya tako sai ya nemi gafarar ubansa a kabari, shi kuwa tun yana yaro in na faɗi magana ba ya tsallakewa. Tarbiyyata ce. Kujera shida, ni da Maybelle.

Litinin, 27 ga Nuwamba
Na gama littafin. A shafi na 212 ya ce ba a san abin da ya sami talakan da ya saɓa wa mai gonarsa a bainar jama'a ba, takardu sun yi shiru.
Ba takardu ba ne suka yi shiru.

Talata, 5 ga Disamba
Na kai wasiƙar Keziah gidan waya, na aika wa Wendell. Ban sa ko kalma tawa a ciki ba, ba kuwa haƙuri nake bayarwa ba. Takarda ce ta tsufa, danshin gidan nan zai cinye ta, su can a jami'a suna da wurin adanawa. Shi ke nan.
Zai ga ranar, zai ga inda na ninke ta, zai gane tun yaushe take hannuna. Bayan haka ban ga abin da zai kawo shi gidan nan ba.
Na sayi kabewa biyu a hanya. Arha suke.