Kada Ku Wanke Faifan da Maman Bilki Take Ciki

Zuwa ga Shugaban Masu Gyaran Kwamfuta na Tunga, Minna.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan aiki da iyali suna lafiya. Ni tsohon direban tifa ne daga Garatu. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, shi ma malamai ne suka riga ni gajiya, don haka a yafe mini rubutun.

Na ɗaya. Kafin matata ta rasu, 'yarmu Bilki ta naɗi muryarta tana dakan sakwara, tana waƙoƙin garinsu Gwada, tana yi mini faɗa a tsakani. Da Bilki za ta tafi karatu waje sai ta bar mini ajiyar faifanta na kwamfuta. Ta raba cikinsa ɗaki biyu: ɗaya hotuna, ɗaya muryar, na muryar kuma ta tsara shi da wani tsarin kwamfuta wai shi Linuks.

Na biyu. Litinin ta makon jiya na kai shi shagon wani mutuminka. Windos ɗinsa ta buɗe hotuna, ta ce ɗaya ɗakin ba ta san shi ba, ko a wanke? Mai shago ya kai hannu, wai duk abin da ya ƙi buɗuwa bairos ne, maganinsa fomat, wato a share komai. Na cafke hannun. Tun da na bar tuƙi ban taka birki irin wannan ba. Sai ya sauya wa ɗakin alama, wai ko Windos za ta ɗauka nata ne. Ba ta ɗauka ba.

Na uku. Bilki ta ce mini a waya muryar tana nan, alamar da ke gaya wa kwamfuta tsarin ɗakin ce aka rikita. A tayar da kwamfuta da faifan Linuks, a mayar da alamar, a kwafe. Na isar wa mai shago da saƙo, ya tambaye ni tsakaninmu wa ya yi difloma. Wasu shaguna biyu ma fomat suka ce.

Yanzu da hantsi nakan zauna gindin mangwaro, faifan a aljihun ƙirjina. In na lumshe ido sai in ga ɗakin: sharar safe, rana ta shigo ta taga, Maman Bilki tana tsaye gaban turmi, bakinta yana motsi, ni kuma ina waje ba na jin komai. Jiya na so tuno yadda take jan sunana, sai muryar ƙanwarta ta zo mini.

Roƙona biyu ne. Ka hana mutanenka wanke abin da ba su gane ba sai mai shi ya yarda. Sannan ka nemo mini mutum ɗaya, ko daga jami'a ne, wanda ya san Linuks. Bilki sai nan da shekara biyu, kunnena na hagu kuwa ya riga ya yi ritaya. Ina so in ji ta tun na dama yana bakin aiki.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya zaunar muku da wuta, Ya bar ka da masu kiran sunanka.

Wassalam.
Baban Bilki, Garatu.