Ka Koma Kan Injin Wanki, Maigida

Daga Lahodu, ɗakin Inna.

Ya kai maigidana, hasken idona, ruwan sanyin randata cikin zafin bazara! Ya kai hadarin farkon damina, wanda in ya taso daga gabas gero ke ɗaga kai! Ya kai gulbin Rima na rayuwata, wanda in ya janye sai fadamata ta tsage ta yi baki! Assalamu alaikum. Ina yi maka sannu da jiki, ina roƙon Allah Ya sa kaffara ne. Amma ka sani tun daga nan, da fushi nake rubuta maka takardar nan. Har bakin alƙalami ya huda takardar, ban kuwa sake wata ba, don ka ga hujin da idonka.

Jiya da hantsi babban wanka, Yaya Abdulƙadiri, ya iso daga Sakkwato. Ya zauna da Baba a zaure suna magana ƙasa-ƙasa, sun ɗauka mai jego ba ta da kunne. Na ji komai ta bayan danga. Wai ka ce ba ka sake hawa injin wankin ƙoda. Wai ka ce a maida kai Goronyo ka cika a kan tabarmarka. Wai har ka ce a ba ni haƙuri! Haƙurin mi? Da wane baki ka faɗa? Wallahi da ba don jaririyar da ke ƙirjina ba, da ba don Inna ta tare ƙofa ta rantse ba na fita sai na yi arba'in, da ba takarda ka gani ba, da ni ka gani tsaye a kanka, na cakumi wuyan rigarka ina girgiza ka har sai wagga magana ta fita daga kanka.

Ka tuna ranar da ka kai ni ganin madatsar ruwa, ina amarya, lalle bai goge a ƙafata ba? An buɗe ƙofofin ruwa, yana zubowa yana ruri kamar zai cinye duniya, ƙasa na motsi a ƙarƙashin takalmana. Tsoro ya kama ni, na ɓoye fuska a bayanka. Sai ka yi dariya, ka kamo hannuna ka ɗora a ƙirjinka, ka ce, "Mi kike tsoro, Rahama? Ji wagga. Ta hi ruwan ga ƙarhi." Na kuwa ji ta, tana duka kamar taɓarya a turmin sabon gero. A wannan lokacin kai ne ke saɓa buhun albasa kai kaɗai ka ɗora a mota, ƙattai biyu na kallo. Tun ranar na san inda zan kafa bukkata, na kafa ta a kan wannan bugu. Yanzu kuma kai ne za ka ce a bar shi ya yi shiru?

Na san abin da ciwon nan ya yi maka, ai a gabana ya yi. Hawan jini ya shigo maka kamar gara, ba sallama, ya ci ƙodojinka ta ciki kana tsaye a gona kana ban ruwa. Sai da ƙafafunka sunka kumbura, fuskarka ta cika, fitsari ya ɗauke, sannan munka sani. Ranar da likitan ƙoda ya zaunar da mu, kai kana kallon ƙasa, ni ina kallon bakinsa. Ya ce mana mu bar kallon ƙoda kaɗai, mu sa ido ga zuciya, don ita ce ta fi ɗauke masu irin ciwonka. Ya ce ruwan da ƙoda ta kasa fitarwa, zuciya ke dakonsa. Tana turawa tana turawa har ta kumbura ta yi kauri ta gaji, jijiyoyin jini su ƙandare kamar tsohuwar igiyar guga. Ya ce akwai wani gishiri da ke taruwa cikin jini in an tsallake wanki, ba ya ciwo, ba ya gargaɗi, sai dai ya rikita bugun zuciya ya tsaida ta farat ɗaya. Ni na haddace maganar nan kamar karatun allo. Kai kuwa da munka fito sai ka ce yunwa kake ji.

Munka riƙe ranakun wanki kamar salla, har sai da 'yan bindiga sunka tare hanya. Direbobi sunka ajiye motoci, kowa ya shige gida. Ranar wanki ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ina kallon ruwa na hawanka kamar ambaliya na hawan gona, daga idon sawu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ciki, daga ciki zuwa ƙirji. Kwanciya ta gagare ka, sai zaune, jingine da buhun gero, baki buɗe kamar kifin da anka jefo kan tudu. Wayyo ni! Ga gulbi can nesa da gidanmu, ga mijina yana nutsewa a tsakar ɗaki!

Da safiyar da Sani direba ya yarda ya ɗauke mu, ai ka tuna abin da ya faru kafin mu kai Wurno, ko kuwa rabinka ba ya duniya a lokacin? Bari in tuna maka. Babura sunka fito daga cikin dawa, harbi ya tashi, gilashin gaba ya tarwatse a kan cinyoyinmu. Sunka fizgo mu waje, sunka ce kowa ya kwanta rub da ciki. Kai ba ka iya kwanciya, in ka kwanta ka mutu, sai ka durƙusa kana haki. Ɗaya ya ɗaga gindin bindiga ya sauke maka a kafaɗa. Sannan ya ciro igiya ya kamo hannunka na hagu zai ɗaure. Hannun hagu! Hannun da likitoci sunka haɗa wa jijiya don wanki, wanda ko awon jini ba a yi a kansa, wanda nake kara kunnena ina jin yana kuka kamar zuma cikin amya! Ban san lokacin da na tashi ba, da cikina wata tara. Na faɗa kansa, na kafa haƙora a bayan hannunsa, na ciza har na ji ƙashi, jininsa ya cika min baki. Ya mare ni, ya ƙara, haƙorina na gaba ya karye, ban saki ba. Sai babbansu ya matso ya dube ka, kumfa ja-ja na fita ta bakinka, ya ce, "Wanga ya riga ya mutu. Mi za mu yi da gawa? Ku bar su." Sunka kora mutum biyu daga cikin abokan tafiyarmu daji, har yau ba labarinsu, Allah Ya kuɓutar da su. Sani ya ja motar da ido ɗaya a kumbure, ni kuma na riƙe kanka a tsaye har Sakkwato, ina hura maka iska da bakin da ke zubar jini.

To gaya min, ya sanyin idona, hannun da na saya da haƙorina, shi ne za ka naɗe cikin riga ka hana a soka masa allura?

Na san abin da kake tsoro. Ina wurin, ni ma. An ɗora ka kan injin, jininka ya fara zagaya cikin robobi, na ce alhamdu lillahi mun tsira. Sai ka dafe ƙirji. Sai idonka ya juye ya koma fari. Injin ya ɗauki kuwwa, ma'aikatan jinya sunka rugo, wata ta haye gadon ta haɗa hannu biyu tana danna ƙirjinka da dukan ƙarfinta. Na ji haƙarƙarinka ya karye, ƙas, kamar busasshen kara. Sunka kawo wasu fayafayan lantarki sunka manna maka, wuta ta buge ka, jikinka ya yi sama ya faɗo. Shiru. Sunka ƙara. Ni da tun da anka ɗaura mana aure ban taɓa kama sunanka a bakina ba, ranar na tsaya a tsakiyar ɗakin, gaban maza da mata, na ƙwala shi har muryata ta tsage. Sa'adu! Sa'adu! Sa'adu! Sai layin da ke allon ya motsa. Sai ka ja numfashi. A wurin naƙuda ta kama ni.

Ka ga 'yarka sau ɗaya, ka yi mata huɗuba da muryar da ba ta fi ta sauro ba, ka ce a sa mata Mahbuba. Da hanya ta buɗe anka kawo ni nan. An ci gaba da yi maka wanki kana cikin magagi, yanzu da hankalinka ya dawo sai ka ce injin ne ya kashe ka, ba ka komawa.

Ba injin ba ne, maigida! Kafin in baro asibiti na tare likitan a baranda, na hana shi wucewa sai da ya yi min bayani. Ya ce ka iso da jini cike da gubar kwanakin da ka tsallake, da zuciyar da ta yi dakon ruwa har ta galabaita. Ya ce yanzu a hankali za su dinga jan ruwan, su tsawaita zaman, su sa ido kan bugun. Na tambaye shi ko zai iya rantse min ba za ta sake tsayawa ba. Ya ce ba zai iya ba, wannan na Allah ne. Amma ya ce in ka bar wanki, ba ya shakka kan abin da zai biyo baya, kuma ba da daɗewa ba. Ka ji ban ɓoye maka komai ba. Hanya ɗaya akwai haɗari, ɗayar kabari ce a haƙe. Kai da ka san gona, ka taɓa ganin wanda ya ƙone shukarsa da hannunsa don gudun kada fari ya kashe ta?

Yaya Abdulƙadiri ya ce har da tausayina, wai ba ka son in sake bin hanyar nan saboda kai. To na kashe wannan hujja. Na aika wa Gwaggo Asabe, ta ba mu ɗakin da ke bayan gidanta a Sakkwato, daga nan zuwa asibiti tafiyar ƙafa ce. Gonar albasa ƙanenka Faruk ya riƙe ta. Ina gama wankan jego zan taho da goyona. Ni zan dafa maka tuwo da miya ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen ɗanɗano, kuma abin da ka ci shi zan ci, kada ka ce ana jin daɗi an bar ka. Ni zan auna maka ruwan sha a ɗan kofi, in ka roƙi ƙari in hana ka, ka yi fushi, in jiƙa maka leɓe da tsumma. Dabino da ayaba da lemu ba su ƙetare ƙofarmu. Maganin hawan jini a tafin hannuna za ka sha. Ka zage ni in kana so, ka ƙaurace min, ka juya min baya. Bayan mai rai nake so, ba fuskar mamaci ba.

In kuwa ka taurare ka sa anka ɗauko ka, to ka sani a bakin titin Wurno za ka iske ni. Zan kwanta a gaban motar, sai dai direba ya bi ta kaina. Wadda ba ta ji tsoron bindiga ba, taya ba ta ba ta tsoro. Kuma ranar tsayuwa gaban Allah zan riƙe rigarka in ce ga wanda Ka maido min da shi daga mutuwa, shi kuma ya ƙi zama.

Ya kai ƙanshin ƙasa bayan yayyafi, ya kai tsamiyar da na jingina da ita, ina sonka son da ke ƙuna kamar garwashi a tafin hannu, na kuwa ƙi yar da shi. Ba na son amsar takarda, na san daɗin bakinka, za ka lallashe ni da kalmomi. Ga abin da nake so. Jibi ranar wankinka ce. Ka hau injin, ka miƙa musu hannun. In an gama an zare allura, audugar da za su danne maka wurin da ita, kada ka bari a jefar. Ka ƙulle ta cikin leda ka ba Yaya Abdulƙadiri ya kawo min, da jininka a jiki. Ita ce kaɗai amsar da zan karɓa.

Taka ce ni da lafiyarka, taka ce da ciwonka, taka a duniya, kuma ina roƙon Allah Ya sa taka ce a lahira. Ba wani bayanka, ba kuwa za a yi ba.

Matarka mai jiran auduga,
Rahama