Kunnen Sani na Hagu

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hauwa da yara. Inna na gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Ƙanenmu Sani ne dalilin wannan takarda. Ranar Asabar ya samu aikin DJ na farko, a wani biki a unguwar Gawon Nama. Ya sa tirans, kiɗan Turawan nan da ya daɗe yana haɗawa a kwamfuta. Kowane DJ a garin nan ya san ana barin kunne ɗaya buɗe saboda kiran salla, shi ko ya toshe duka biyun da iyafis. Anka kira La'asar, anka tada salla, kiɗa na ta dukan bangon masallaci.

Ana sallamewa samari sunka yo kansa da gorori. Sunka farfasa lasifika, sunka tattake kwamfutar, wani ya kwaɗa masa gora a kunne. Cikin kwata na iske shi, jini har wuyan riga. Ya yi kuskure, na yarda, amma haka ake gyara mutum?

Likita ya ce kunnen hagu ya tafi ke nan. Jiya na same shi da kwamfutar aro, iyafis a kunnen dama. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ya ce, "Yaya Asma'u, sai ki riƙa saurara mani kiran salla."

Ka gaida Kawu, ka sa mu addu'a. Tun jiya, da ladan ya ɗaga murya, ni ke rugawa ɗakinsa in taɓa kafaɗarsa.

Ƙanwarka,
Asma'u