Maganar Goshin Alfadari

Ni, Aristóbulo Tibaduiza, mai walda da gyaran keke, nake rubuta wannan da hannuna ina da shekara saba'in da biyar. Hankalina yana nan daram. Ƙirjina ne likitan garin Tunja ya saurara ya girgiza kai, kaina kuwa bai ce masa komai ba. Gare ku nake rubutawa ku biyu, Ferney ɗan farina da Nidia autata, kuma ina so a karanta muku a ɗaki ɗaya. Na san shekara shida ke nan rabonku da zama ɗaki ɗaya, ko a wajen addu'ar tunawa da mahaifiyarku sai ɗaya ya shiga coci ta gaba, ɗaya ta ƙofar gefe. Cikin duk abin da zan bari, babu wanda ya dame ni kamar wannan.

Na ɗaya. Shago da injin walda da duk ƙarafan da ke ciki na Ferney ne. Na sha yi maka tsiya kan kekunan da kake ba baƙi haya, masu sifirin ɗin shanye gargada a gaba da baya, waɗanda mutum zai hau dutse bai san ya hau ba. Na ce maka kujerun falo ne aka sa wa taya. To, na taɓa ɗaukar ɗaya a ɓoye na zagaya da shi, kuma ranar ce kaɗai cikin shekara goma bayana bai yi ciwo ba. Ka riƙe sana'arka, halal ce.

Na biyu. Baƙin keken nan da ke rataye a bango na Nidia ne. Kada ki yi masa fenti. Da shi nake sauko da garwar madara daga gonar kakanku tun ban fara aske gemu ba. Birkinsa na feda ne a lokacin, sai ka taka baya, kuma kafin ka iso ƙasa cibiyar taya tana hayaƙi, mai ya ƙone ƙurmus, sai an kwance an sake cusa wani. Wata rana wani direban babbar mota ya nuna mini mujalla mai hotunan samarin California suna gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna irin nawa. Na yi dariya har da hawaye. Ashe abin da muke yi don kada madara ta yi tsami, wasu wasa suka mai da shi. Daga nan na ciro birkin babur na liƙa masa, na faɗaɗa kansa, na sa masa tayoyi masu kauri, na aro giya daga wani keken tsere da ya karye. Mahaifiyarku Herminda ta tsaya a ƙofar shago ta riƙe ƙugu ta ce, "Aristóbulo, wannan abin hawa ne ko garma? Idan ya kashe ka, ni ba zan yi kuka ba, sayar da shi zan yi a kilo." Ita ce kuma ta ɗinka masa rigar sirdi da guntun tsohon bargona.

Na uku. Abin daidaita taya da ke kan benci ba nawa ba ne, na abokina Custodio ne. Na are shi na kwana biyu shekara goma sha tara da suka wuce. Ku mayar masa, ku ce na gama.

Na huɗu. Gona da hanyar da ta ratsa ta naku ne ku biyu, ba a raba ba, ba kuma za a raba ba. Hanyar alfadarai ce tun kafin a haife ni, mu muka share ta da diga da shebur har ta zama abin da masu keke ke tahowa daga nesa don su hau. Ƙofa ta zauna a buɗe ga kowa. Dokokinta kun san su, amma bari in rubuta. Ba a hawa bayan ruwa sai ƙasa ta tsane, don taya tana yanka ta. Wanda ke hawa ranar Lahadi ya zo da shebur ranar gyara, ko ɗan gwamna ne. Babbarsu kuwa, wadda ni na kafa da bakina: wanda wuri ya fi ƙarfinsa ya sauka ya ɗauki kekensa a kafaɗa. Mutum ne ke gyara hawansa, ba a rage wa hanya tsanani don wani.

Na biyar. A nan hannuna ya tsaya kwana uku kafin na ci gaba.

Kun san Goshin Alfadari, dutsen nan da ya tokare tsakiyar hanya a kwanar ƙarshe, mai zurfi a bayansa kamar tsayin ƙirjin mutum. Nidia, kina da shekara goma sha biyar kika diro daga kansa da keke, kika dira daram a kan taya biyu, gaban maza goma sha ɗaya da suka sauka suka saɓa kekunansu. Ranar na rufe shago na yi ta yawo a kasuwa ina ba mutanen da ba su tambaye ni ba labari. Da aka wayi gari shekara shida da suka wuce babu dutsen, sai rami, kowa ya nuna Ferney, don shi ke kawo baƙin da ba su iya ba. Kika same shi a kasuwar dankali kika ce masa, gaban jama'a, "Ka sayar da hanyar Baba don kwastomominka kada su goge gwiwa. Kai ba yayana ba ne, ɗan kasuwa ne." Shi kuwa bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

Ni na ture dutsen.

A shekarar na faɗi a kansa sau biyu. Na fara sauka ina ɗaukar keke a kafaɗa kamar yadda dokata ta ce, samari suna jira a ƙasa suna kau da kai don kada in ji kunya, abin da ya fi mini ciwo fiye da a ce kallona suke. Wata Lahadi Custodio, da bakinsa da ba ya da linzami, ya ɗaga murya ya ce, "Tsoho, mu aiko maka da alfadari ne, ko kujera za a kawo?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ranar Talata da rana tsaka, kowa yana kasuwa, na ɗauki diga da dogon ƙarfe na hau. Awa huɗu na yi ina tono, sannan dutsen ya mirgina cikin kwazazzabo. Ina jin ƙararsa a ƙasa na san na yi ɓarna. Na jefar da ƙarfen cikin ciyawa na gudo gida kamar ɓarawo. Girman kai rawanin tsiya, kuma ni na naɗa shi da tsufana.

Kashegari na buɗe shago na tarar da ƙarfen a rataye a ƙusarsa, an wanke shi tas. Mutum ɗaya ne ke da mabuɗin shagon bayan ni. Ferney, ka sani tun ranar farko. Ka shanye zagin ƙanwarka, ka shanye na masu hawa da suka daina gaishe ka, don kada ta san uban da take alfahari da shi ne ya karya dokar kansa. Ni kuma na bar ka ka shanye. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, sai in ga yadda Nidia ke gabatar da ni ga yaran da take koya wa hawa, sai in fasa. Ban taɓa ce maka na gode ba, don godiyar ma amsa laifi ce. Ɗana, ka yafe mini. Ban cancanci ɗa irinka ba, kuma ina ƙaunarka fiye da yadda na iya nunawa.

Na shida. Dutsen yana nan a kwazazzabo, na leƙa shi bara. Da shanun huɗar Custodio da igiya mai kyau zai hau. Amma aikin mutum biyu ne, ɗaya a sama yana jan shanu, ɗaya a ƙasa yana tokarewa, kuma na ƙasa sai ya yarda da na sama da ransa. Kada ku ɗauki 'yan ƙwadago. In kun ga barinsa ya fi, ku bar shi, amma ku yanke shawarar tare, da baki, ba ta hanyar aike ba.

Na san rashin jarumta ne in bar wa takarda abin da ya kamata in faɗa ina kallon idonku. Haka ubanku yake, mai ƙarfin hali a kan gangara, matsoraci a gaban 'yarsa.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da duk wanda zai bi ta ƙofar gonar nan. Ya tsare ku daga faɗuwa, in kun faɗi ya sa ɗan'uwa ne a kusa. Ku riƙe juna, ku ci abinci a tebur ɗaya ko da sau ɗaya ne a wata. Nidia, 'yata, ki yi fushi da ni iya son ranki, na ci hakan, kuma inda zan kasance ba zai yi mini ciwo ba. Amma yayanki yana da rai, shekara shida yana jiranki bai yi laifin komai ba. Kada ki tsaya sai kin shirya abin da za ki ce. Ki tashi ki je wurinsa.

Mahaifinku,
Aristóbulo Tibaduiza