Madam Lembke da Sharata

Hameln, watan Maris

Zuwa ga 'yata Silke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Torsten da jikata Nele. Ni ma ƙalau nake, duk da kin riga kin yanke hukuncin cewa ba haka ba ne.

Na rubuto ne don a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana. Na ga hotunan gidan tsofaffin da kika aiko. Ya yi kyau, har da furanni. Ki kai surukarki.

Duk wannan a kan me? A kan masu kwasar shara sun tsallake durom ɗinmu mai ruwan ɗorawa, sun manna masa jar takarda. Bokiti na saka, Silke, bokitin roba da ya tsage. Wai wannan durom na robar da aka ƙunso kaya a cikinta ne kawai: kofin yogot ya shiga, bokiti bai shiga ba. Ni da na bar makaranta na kama aikin rufin gidajen mutane, a wurina roba roba ce. Wannan ba ruɗewar tsufa ba ce, jahilci ne, kuma da shi na raine ki har kika yi digiri.

Madam Lembke, maƙwabciyata ta hawan ƙasa a benenmu, wadda muke haɗa durom da ita, ta tare ni a matakala da bokitin a hannu kamar ta kamo ɓarawo. "Malam Tiedemann, saboda kai sharar gidan nan za ta zauna tana wari har zagaye na gaba!" Na ce, "Madam, ke da kullum kanki yana cikin durom, ai kin saba." Sai ta buga miki waya. Wa ya ba ta lambarki? Ke. Kin ɗauki 'yar leƙen asiri a kan ubanki, matar da ke sa safar hannu tana tona sharata.

Ba zan bar gidan da mahaifiyarki ta rasu a ciki ba saboda bokiti.

Ubanki da bai ruɗe ba,
Egon

Hameln, watan Afrilu

Silke,

Ina gaishe ki. Yaya murar Nele? Torsten ma ki gaishe shi, in ya ɗaga kai daga wayarsa.

Gara ki ji daga bakina. Shekaranjiya ina shan kofi matar nan ta ƙwanƙwasa, ta shigo ba a ce ta shigo ba, ta zube min katunan maganin zuciyata a kan tebur. Cike suke, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba. A durom mai ruwan ɗorawa ta tsinto su. Ni na ɗauka na shanye su ne na yar da fanko. Ban san yadda aka yi ba, Silke, kuma wannan karon ban sami abin dariya a ciki ba.

Kin san me ta ce? "Ka sha, kada ka sha, ruwanka. Amma kati mai ƙwaya a ciki, a baƙin durom na sauran shara ake sa shi."

Na ce, "To buga wa Silke. Kin ci nasara, ki yi biki."

Ta ce, "In ka tafi, 'yan jami'a za a zuba a samana. Waɗannan ko farar kwalba da koriya ba sa rabawa in za su zubar. Kai jaki ne, amma ana iya koya maka."

Ga sharaɗinta: in ba ta mabuɗi, kullum da safe ta hau ta tsaya a kaina har in haɗiye, ta tafi da fankon da kanta. Na ce mata mayya. Ta ce in buɗe baki.

Don haka ki soke zuwa ganin ɗakin nan na gidan tsofaffi. In dole sai an tsare ni, na zaɓi maƙiyiyata, a kicin ɗina.

Ubanki fursuna,
Egon

Hameln, watan Mayu

'Yata Silke,

Ina fata kuna lafiya gaba ɗaya. Na ji saƙonki: muddin Madam Lembke tana hawowa, zan zauna a gidana. Ban gode ba, don gidan ba naki ba ne balle ki ba ni.

Zaman dai ba daɗi. Ta hana ni wanke gwangwani, wai ɓarnar ruwa ce. Ta sa na ɓanɓare murfin kowane kofin yogot daban. Jiya na sa kwalin fiza mai maiƙo a cikin durom na takardu da gangan, don in ga fuskarta. Ta dawo min da shi har kan matashina.

Sai dai tun Litinin tana tari, kuma tana hutawa a tsakiyar matakala kafin ta iso. Ta girme ni, ba ta da kowa, ga taurin kai, ta ƙi zuwa wurin likita. Ki aiko da zumar nan ta wajenku da shayin tari, kuma ki buga mata waya ki matsa mata yadda kike matsa min. Kada ki kuskura ki ce ni na sa ki.

Ki sumbaci Nele.

Ubanki,
Egon