Ruwan Takina Ya Yi Aiki, Ramar Ce Ba Rama Ba

Inna Tasalla, a taimake ni da shawara, kuma ki sani ban saba roƙo ba. Ni mutum ne da ya gina kanshi. Shekara biyu na yi a kwaleji na aje alƙalami, na fara da tallan ashana a tasha, yau ina da shago biyu a Sabon Gari, ba wanda ya ɗora ni. Na faɗi wanga ne don ki san ba sakarai ke rubuto miki ba.

Bara na sayi garka a bakin Gulbi, kusa da Jiratawa. Sai ga karyewar darajar kuɗin sefa, takin zamani ya yi tsadar da talaka sai dai ya gaida buhun daga nesa. Manoman wurin sunka tare gindin bedi, wato dogon yaro, suna gardamar siyasa, kamar dimokuraɗiyya ce ke nunar da tumatir. Ni ban zauna ba. Na samo babban duro na cika da ruwa. Na zuba ruɓaɓɓen kashin awaki a buhu, da ganyen bedi da 'yar toka, na ɗaure baki na rataya shi ciki. Safe da marece ana motsawa da sanda har ya yi kumfa, ya koma kalar shayi, sannan a sirka da ruwa a zuba gindin shuka. Ƙanena Hafizu ya ce ya taɓa ganin haka a wani littafin Faransanci, amma karantawa daban, yi daban. Duron nawa ne, awakin nawa ne.

Shi Hafizun ɗan jami'a ne a Yamai. Yajin aiki ya cinye musu shekara, ya dawo gida yana cin tuwona yana yi mini bayanin tsarin mulki. Na ce tunda ilimin bai da inda za shi, a je a motsa duro. Na bar mishi garkar, ni sai ranar Juma'a nike leƙawa.

Ba irin dariyar da ba a yi mini ba. Sunka sa mini suna Alhaji Mai Shayin Awaki. In na sauka daga mota sai ka ji ana tambaya ko a kawo sukari, ko baƙin shayi shukar ke sha. Na ƙyale su, don jahili ba ya ganewa sai da ido. Kuma sun gani. Tumatirina da tattasai sunka yi kore shar, nasu kamar an yi musu aski. Amma abin da ya fi faranta mini rai wani layi ne bayan duron, wanda Hafizu ya ce rama ce. Ta wuce kaina tsawo, ganye yatsu-yatsu, ba tsutsa ko ɗaya. Duk wanda ya biyo hanya sai na ja hannunshi ya gani. Har Maman Lawali, shugaban kwaperatif ɗin manoma, sai da na kai shi gaban ramar. Ya dubi layin, ya dube ni, ya ce Allah shi rufa asiri, ya juya. Na ce a raina hassada ga mai rabo taki ce. Na matsa mishi sai da ya yarda zai kawo 'yan kwamitinshi da malamin gona ranar Juma'a mai zuwa su koyi aiki. Ko a cikin gari 'yan kabu-kabu sun fara gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba, suna tambayar lafiyar rama. Na ɗauka suna ne ya tafi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tsinko dami guda na kai gida a yi mini kwaɗo. Matata Tsahara ta murza ganye ta shinshina, ta ɗanɗana, ta rufe ƙofar zaure. Ta ce ita ɗiyar Tibiri ce, ta ci rama tun ba ta da haƙora, rama tana da tsami, kuma ba ta wanga warin. Ta ce wiwi ne na ɗauko a bayan mota na ratsa gari da shi. Na kira Hafizu, ya sadda kai. Wai wani abokinshi ya kawo mishi irin daga ƙetaren iyaka, wai so yake ya saida ya sayi moto ya yi kabu-kabu, ya gaji da roƙona sabulu. Kin ji ɗan jami'a.

To ga inda nike. In na tumɓuke layin, masu gindin bedi za su ce shayin awaki ne ya ƙone shi, kuma layin nan shi na fi nuna wa duniya. In na bari, malamin gona ba makaho ba ne. Zuciyata na ce mini in kai Hafizu wurin jandarma da hannuna kafin Juma'a, kowa ya san ba ni da hannu, sunan ruwan takina ya fita fes. Tsahara ta bar yi mini magana tun da na faɗa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Hafizu, kuma tsohuwarmu na raye. Mi kika gani?

Mai Duro, Sabon Gari, Maraɗi

*

Mai Duro, na karanta takardarka sau biyu. Na ga duro, na ga awaki, na ga shago biyu, sai can ƙasa na tsinci mahaifiyarku a rabin layi. Wannan kaɗai ya gaya mini inda ciwon yake.

Bari in ba ka haƙƙinka. Ruwan takin nan dabara ce mai kyau a wannan shekara ta tsada, tumatirinka shaida ne. Hafizu kuma ya ci amanarka. Ya shuka haram a gonarka, ya bar ka kana yi masa talla, da an kama kai za a fara ɗaurewa. Rashin sabulu ba hujja ba ne, kuma dole ya ji wannan daga bakinka.

Amma kai da ba sakarai ba, ka tsaya ƙarƙashin wiwi wata da watanni kana kiran jama'a su zo kallo. Kana tsammanin Maman Lawali, wanda ya tsufa a fadama, bai san rama ba? Shi da masu gindin bedin da kake kira jahilai sun gane tun ranar farko. Ofishin jandarma bai yi musu nisa ba, ba wanda ya je. Addu'ar da ya yi maka ba hassada ba ce, gargaɗi ne, girman kai ya toshe maka kunne.

Kai ƙanenka kurkuku ba zai wanke ka ba. Garkar taka ce, shaidun da suka ji ka kana yabon layin sun cika Jiratawa. Abin da za ka samu kawai shi ne uwa mai kuka da sunan da ya fi Mai Shayin Awaki muni.

Gobe da safe ku tafi tare, shi zai tumɓuke da hannunsa har saiwa. Ku haƙa rami mai zurfi ku binne. Kada ka ƙona, hayaƙin zai yi maka shela har Tibiri, kada kuma ka jefa a duro. Daga nan ka wuce gidan Maman Lawali ka yi masa godiya, ba sai ka faɗi ta mece ce ba, ya sani. Ka zaunar da Hafizu gaban wani babba na danginku, ka bincika ko shi ma yana sha, in yana sha a nemi likita. Sannan ka yanka masa rabo a amfanin garkar, tunda shi ke motsa sandar safe da marece, kuma ina zargin littafin nan nasa ya fi awakinka hannu a wannan dabara.

Ranar Juma'a ka nuna wa baƙinka tumatir da tattasai. In wani ya tambayi rama, ka ce ba ta karɓe ka ba. Za su yi dariya, ka bar su su yi. Mutanen da suka rufa maka asiri damina guda sun cancanci dariyar yini ɗaya.

Allah ya shirya Hafizu, ya sa albarka a duron, ya kuma kwantar da hankalin Tsahara, wadda ita ce ta fi ku duka hanci.

Inna Tasalla