Gurbin Usman a Ƙofar Sabuwar Ƙasa

Daren Alhamis, unguwar Alsawra.

Kahraba, wato wutar lantarki, ta dawo da la'asar, na yi caji, na sauke ƙarin da aka yi wa wasanmu na intanet. Wata uku ina ɗokinsa, amma da na shiga sai na ga abin da masu wasan suka yi. Sun ƙone tsohon birnin da muke haɗuwa a cikin wasan, wai labarin ya kai ga yaƙi. 'Yan wasan ƙasashen waje sai yaba hayaƙin suke yi. Ni da idona na ga kasuwarmu ta Suk al-Arabi bayan wuta. Tasu kasuwar ta yi tsabta da yawa.

Ƙofar sabuwar ƙasar da ƙarin ya kawo ba ta buɗuwa sai da jarumai biyar, mu kuwa huɗu muka tsaya. Usman ne mai maganinmu, shi ke tayar da wanda ya faɗi. Bara harsashi ya same shi a unguwar Alsahafa, ya fita ɗebo ruwa. Sunansa na nan a jerinmu, ya dushe.

Bashir, ɗaya daga cikinmu da ke gudun hijira a Masar, ya ce, "Ya zol, ɗan'uwa, mu ɗauki baƙo mana." Can ya ce, "A'a, Fatiha tukuna."

Na laluba maɓallan kaf. Babu jarumin da ke ɗaga tafin hannu sama kamar yadda muke yi a gidan makoki, sai mai magani kaɗai.

Na ajiye wayar a kan gado, na ɗaga nawa. Ƙofar tana nan a rufe.